Saje Ba Ya Tura Ɗan Wani

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ranar Talata da hantsi surukina ya cika, mahaifin maigidana, wanda duk Jibiya ta sani da Saje. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara ashirin da biyu ina gidansa bakina bai taɓa furta shi ba, ba kuwa don ƙasa ta rufe masa ido zan fara yau ba. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama, saboda ina koyarwa a firamare.

Mu mata muna ciki, don haka abin da aka yi a ƙofar gida rabi da kunne na ji, rabi maigidana ya ba ni labari. Ya ce tun ba a gama wanka ba tabarmi suka kasa, sai da aka aro na masallaci. Direbobin da ke jiran a duba takardunsu a Magama, bakin iyaka, suka bar motocinsu a layi suka taho. Wasunsu 'yan Nijar ne, ba su ma san gidan ba sai da tambaya. Tsofaffin sojoji uku suka zo, su ne suka rage cikin waɗanda Baba ke zuwa Katsina da su kan maganar fansho. Ɗayansu da ƙyar yake ɗaga ƙafa, amma da aka fito da makara sai ya jingine sandarsa da bango, ya ƙame, ya sara. Liman ya yi gyaran murya. Tsohon sojan bai sauke hannu ba sai da makarar ta wuce shi.

A cikin gida kowa da irin kukanta. Maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna wadda aiki ya kawo Jibiya har ta zama 'yar gari, ta zauna bakin ƙofar ɗakina tana share ido da gefen zani. Ta ce, "Shekarar da gari ya yi zafi muka ji tsoron zuwa coci, wa ya ɗauko kujerarsa ya zauna a ƙofar cocin da carbinsa har muka tashi? Lahadi huɗu a jere. Ko godiya bai bari mun yi masa ba."

Gwaggo, ƙanwarsa, ta face hanci ta ce, "Allah Ya jiƙan Yaya. Amma a faɗi gaskiya, akwai taurin kai. In ya ce gabas, ko birgima za ki yi a ƙasa gabas ɗin ce." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe kanta.

Can sai ga wata tsohuwa tana ɗingishi, daga wani ƙauye ta bayan Gangara. Ba ta san kowa a gidan ba. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Ina matar direban ga?" Aka nuna mata ni, don maigidana direba ne. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Ɗiyata, ba ki gane ni ba. Ni ce kika wanke ma ƙafa." Sai na gane ta, kuma a nan kukan da nake ta riƙewa tun safe ya ƙwace mini.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, shi ne Baba Ƙarami, ƙanen Baba da ke zaune a Ɗan Issa, ƙetaren iyaka. Hannunsa na hagu tun daga gwiwa babu, kullum hannun rigar a naɗe yake da fil. Maigidana ya ce duk wanda ya durƙusa ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "An gode, Saje ya gama aikinshi," ya ci gaba da tauna goro. Wasu suka ga kamar bai damu ba. Ni na san abin da ke tsakanin waɗannan tsofaffi biyu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Da aka kawo ni gidan, Baba ya daɗe da barin soja. Da damina yana gonarsa ta Mazanya, da rani kuma yana Magama yana tsara layin manyan motoci. Ba hukuma ce ta sa shi ba, direbobin ne da kansu suka roƙe shi bayan sun gaji da dambe. Ba shi da kaki, sai usur a wuya. An ba ni labarin ranar da motar wani babban attajiri ta kai gaba, a bayanta can nesa akwai wata tsohuwar mota cike da tumaki da suka kwana biyu ba ruwa. Baba ya busa usur ya ce motar attajirin ta ja gefe. Direban ya sauko yana kumfar baki, yana faɗin ko wane ne maigidansa. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Siminti ka ɗauko. Siminti ba ya jin ƙishi. Mai rai shi ne gaba." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

A gida kuma, ba ya sa hannu a akushi sai ya tambaya, "Kowa ya samu?" Ba tambayar baki ba ce. In aka ce masa wance tana makaranta ba ta dawo ba, sai ya ce a nuna masa kwanon da aka ajiye mata. Na sha jin haushin wannan, tuwo na hucewa shi yana ƙirga mutane.

Ba ya maganar yaƙi. Mun san dai ya yi yaƙin basasa, mun san akwai tabo a cinyarsa da ke tashi in sanyi ya shigo. Wata rana babban ɗana, lokacin ya fara jin kansa saurayi, ya ce, "Kaka, mutum nawa ka kashe?" Ina tankaɗe a bakin madafa, ina jin su. Baba ya dube shi ya ce, "Su ma uwa ta haife su. In za ka tambaye ni, tambaye ni nawa na dawo da su gida." Yaron ya ce to nawa? Baba ya ce, "Ba duka ba." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Kowace Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, Baba Ƙarami yakan ƙetaro da buhunan aya. In ya sayar sai ya biyo ta gidanmu. Iyakarsa zaure. Su gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha. In na kai abinci sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya tashi. Na taɓa tambayar maigidana, ya ce, "Tun da na yi wayo haka na gan su. Wai tun yaƙi ne." Bai san fiye da haka ba.

Ranar da na san dalilin, Lahadi ce ita ma, shekara uku ke nan, gero ya fara fitar da kai. Wajen hantsi wani mutum ya shigo unguwa a kan babur, rigarsa duk ƙaya ta yayyage. Ya ce 'yan bindiga sun faɗa ƙauyensu ta bayan Gangara da safe, mutane sun watse, ga su nan bisa hanya da ƙafa, mata da yara da masu rauni. An sanar da jami'an tsaro, amma ta wata hanyar za su ɓullo, kuma mutanen nan rana na dukansu. Kamar yadda aka saba in abu ya taso, maza suka taru a ƙofar Baba. Ni ina bayan ƙyauren zaure da kwanon fura da na kawo wa Baba Ƙarami, ina jin komai.

Kowa na magana, ba mai sauraron wani. Motocin ɗaukar kaya uku ne a unguwar, ɗaya ta maigidana ce, da ita yake jigila tsakanin Jibiya da Maradi. Duk an san abin da ya kamata a yi, amma ba wanda ya yarda ya haɗa ido da masu motocin. Sai na ji Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Aka yi tsit. Ya tambayi mai babur ɗin: ta wace hanya suka biyo, sun haye korama ko ba su haye ba, an biyo bayansu ko an tsaya kwasar dabbobi, harbin ƙarshe da ya ji daga wane gefe ne. Muryarsa ba ta tashi ba, kamar mai tambayar farashin taki. Da ya gama sai ya ce wa maigidana, "Kai, ɗauko motarka. Kai za ka yi gaba."

Ya ci gaba, "Cire tamfol. Sa jarkokin ruwa. Kada ka haye koramar, tsaya wajen tsamiyar da ke gabanta. Ka juya kan mota ya dubi gida kafin ka ɗauki kowa, kuma kada ka kashe ta. Masu rauni farko, sai tsofaffi, sai masu goyo. Ba kaya, ba akuya. In harbi ya matso, taho da waɗanda ka ɗauka."

Maigidana ya ce, "To, Baba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko gaisuwa sai na durƙusa na kau da kai nake yi masa, sai ga muryata ta cika zauren, gaban maza. Na ce, "Baba, 'ya'yansa shida! Duk unguwar nan shi kaɗai ke da mota?"

Baba bai waiwayo ba. Ya ce, "Malama, ki ɗora ruwan zafi da yawa. Za a zo da masu rauni."

Na dire kwanon na koma ciki. Ina jin tashin motar, ina jin ta fita layi. Daga baya na ji tashin sauran biyun, ashe masu su da suka ga ɗan Saje ya yi gaba sai suka bi shi ba wanda ya ce musu ƙala. A lokacin wannan bai dame ni ba. Na hura wuta, na ɗora babbar tukunya, ina kuka ina faɗin maganganu a raina game da tsohon nan waɗanda har yau nake neman gafarar Allah a kansu.

Sai na ji sallama a tsakar gida. Baba Ƙarami ne. Tun da nake gidan ban taɓa ganin ya wuce zaure ba. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da murhun.

Ya ce, "Bai dube ki ba ko?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Haka ya yi mani. Ƙara itace, ɗiyata, in ba ki labari."

Ga abin da ya faɗa, yadda na riƙe shi.

"Ina da shekara goma sha tara na bi Yaya soja. Ranar da za mu tafi Inna ta kama hannuna ta sa cikin nashi, ta ce ga amana. Aka kai mu kudu, ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Wata rana aka haye da mu wani kogi cikin jirgi, aka ce mu riƙe gaɓar. Gari na wayewa wuta ta buɗe ta ko'ina. Hafsanmu, yaro ne mai kirki, shi aka fara samu. Rediyo ta tarwatse tare da mai ɗauke da ita. Jirgin ya huje ya zauna. Gabanmu daji da wuta, bayanmu ruwa, kuma yawancinmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Mutane suka fara yar da bindiga. Biyu suka faɗa kogin, ba mu sake ganinsu ba.

"Sai Yaya ya miƙe tsaye. Tsaye fa, ɗiyata, harsashi na yankan ganye kusa da kunnenshi. Bai yi ihu ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya shina dafa kafaɗa: kai nan, kai can, kai riƙe gindin wanga itace. Ya sa aka ja masu rauni ƙarƙashin gaɓa. Da mutane suka ga shina tafiya kamar mai zagayen gona, sai hankali ya dawo masu.

"Akwai igiyar jirgin, doguwa. Ya ce dole wani ya haye da ita ya ɗaure a ƙetare, sauran su bi ta. Mu uku muka iya ruwa. Shi da ni, don cikin gulbin ga na Gada muka tashi tun ba a yi dam ba, sai wani yaro ɗan bakin Binuwai da ya fi mu nesa ba kusa ba. Yaron har ya ɗaga hannu. Yaya bai ko kalle shi ba. Ya kira lambata. Ba sunana ba, lambata ta soja. Ya ce, tuɓe takalmi. Shi ya ɗaura mani igiyar a ƙugu da hannunshi, idonshi na can wajen daji."

Na ce, "Me ya sa bai bar wancan ya je ba, tunda ya fi iyawa?"

Ya ce, "Na yi shekaru ina wannan tambaya, alhali da idona na ga amsar. Wanda ya fara shiga ruwa shi duk bindigogi za su bi. In gwanin ya mutu, wa zai tsaya tsakiyar kogi shina tallafe waɗanda ba su iya riƙe igiya? In kuma Yaya ya tafi da kanshi, kafin ya kai rabi mutanen sun watse. Saura wa?

"Na kusa gaɓa aka same ni a hannu. Da haƙori da hannun dama na ɗaure igiyar ga wani itace, na kwanta nan ina kallo. Yaya ya ɗauki babbar bindigar. Ya yi harbi nan, ya ja ciki ya koma can ya yi, ya sake komawa wani wuri, don su ɗauka muna da yawa. Mutane na bin igiya ɗaya ɗaya, yaron Binuwai na cikin ruwa har wuya shina tura su. Tun hantsi har la'asar. A nan aka same shi a cinya, ya ɗaure da rigarshi ya ci gaba. Shi ya haye daga ƙarshe, da gawar hafsan ɗaure a bayanshi. Ya ce shi ma ɗan wasu ne, ba a barinshi ga tsuntsaye."

Ya tura itace cikin wuta. Ruwan ya fara tafasa.

"Da ya fito, ya zo kaina. Na ɗauka zai rungume ni. Ya duba hannun, ya ɗaure shi da ɗamara, ya ce ma masu ɗauka, wanga zai iya jira, ku fara da wancan mai ciki a buɗe. Ya wuce. Kwana biyu kafin in ga likita. Hannun ya riga ya lalace."

Na ce, "Wancan mai raunin cikin fa?"

"Ya rayu. Har Makka ya je." Ya ɗan yi murmushi. "Da muka dawo, Inna ta ga hannun riga na lilo. Ta ce wa ya yi maka haka? Na ce Yaya ya tura ni. Ban ƙara komi ba. Ban faɗi igiya ba, ban faɗi mutanen da suka haye ba. Har ta rasu ba ta sake cin abin da ya fito hannunshi ba, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kanshi ba. An yi fareti, babban hafsa ya karanta abin da ya yi gaban kowa, aka maƙala mashi lambar yabo. Ya kawo mani ita har ɗaki, ya ce tamu ce. Na ce ya je ya maƙala ma hannun da aka yanke. Na tattara na koma wajen dangin Inna a Ɗan Issa."

Na ce, "Baba, me ya sa kake gaya mini yau?"

Ya ce, "Don na ga kin ɗauki hanyar da na bi. Doguwa ce, kuma na kai ƙarshenta, ba komi can."

Motocin sun yi sawu biyu. A na biyun maigidana ya ce yana jin harbi ta bayan koramar, amma kan mota na duban gida kamar yadda aka ce masa, yana gama ɗauka ya taka. Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta zo da akwatinta, muna wanki tana ɗauri, waɗanda abin ya fi ƙarfinmu aka wuce da su asibiti. Tsohuwar nan da ta zo gaisuwa, kututture ya tsaga mata tafin ƙafa tana gudu da jikarta a baya, ni na wanke mata.

Duk tsawon lokacin Baba na tsaye a ƙofa, bai zauna ba. Da maigidana ya sauko daga mota, jikinsa duk jinin mutane, Baba bai nufe shi ba. Cewa ya yi, "Akwai wanda ya rage a hanya?" Ya ce babu. Baba ya ce, "To, je ka wanke motar." Sannan ya shiga raba mutane: waɗannan gidan liman, waɗannan makaranta, masu goyo su tsaya nan.

Sai da komai ya lafa na zagaya bayan rumbu zan zubar da ruwa. Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da rumbun, sandarsa a yashe. Yana so ya yi alwala, amma hannunsa na rawa har butar na zubewa a kan rigarsa. Ya kamata in juya in bar wurin. Ban juya ba. Na durƙusa na karɓi butar na riƙa zuba masa. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya daɗe da tafukansa a kan fuskar.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba ki yi laifi ba, Malama. Mijinki ne. Uwata ma ta faɗi nata." Ya numfasa. "Kina tsammani ban san 'ya'yansa shida ba? Ni na yi musu huɗuba. Amma in na tura ɗan wani nawa yana zaune, da wane ido zan kalli uwarsa? Kuma wa zai sake tashi in na ce a tashi?"

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi.

Ranar Baba Ƙarami bai koma ba. Kafin magariba na kai musu tuwo zaure, ina jiran in ji "na ƙoshi." Sai na ji ya ce, "Matso da akushin, Yaya." Na laɓe. Suka sa hannu tare. Can Baba Ƙarami ya ce, "Muryarka ta rage, ka tsufa." Baba ya ce, "Kai kuma har yau surutu." Shi ke nan. Daga ranar duk Lahadi tare suke ci, wani lokaci su yi gardama kan gona har a ji su a waje.

Bayan rasuwar, da ake gyara ɗakinsa, an sami lambar yabon a cikin gwangwanin da yake ajiye irin kuɓewa. Zanen jikinta ya dushe. Maigidana ya kai wa tsofaffin sojojin nan su gani. Wanda ya sara wa makara ya juya ta a tafinsa ya ce, "Irin wannan ba a ba mutum don ya daɗe a aiki." Ya ce shi ba ya wurin a ranar kogin, amma har bataliyarsu labarin ya kai, kuma sababbin kurata in aka raba su addu'a suke yi a kai su ƙarƙashin Saje, don an san ba ya barin nasa a baya.

Shekara da shekaru ina koya wa yara tarihin manyan mutane daga littafi, ga wani ina kai masa tuwo safe da yamma ban san ko wane ne ba. Mutanen da suka bi igiyar nan sun koma garuruwansu sun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun haifi nasu, kuma na tabbata yawancinsu ba su taɓa jin an ambaci Jibiya ba. Ba ni da hanyar kai musu labari. Abin da nake iyawa shi ne in rubuta, don jikokinsa su san jinin wa ke jikinsu, in an ce su jikokin Saje ne su ɗaga kai.

Ranar addu'ar bakwai da aka watse, Baba Ƙarami ya shigo yi mana sallama, maigidana zai kai shi Magama. Shi ya yi jinyar Baba kwana ukun ƙarshe, daga shi sai shi a ɗakin, yana ba shi ruwa da cokali. Akwai abin da ke cina, na kasa haƙuri. Na raka shi har bakin zaure na ce, "Baba, in tambaye ka? Kafin ya cika, ya roƙe ka gafara kan hannun?"

Ya tsaya, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Ya roƙe ni gafarar wata akuyata da ya sayar muna yara ya ce kura ta ci. Ya roƙe ni gafarar marin da ya yi mani ranar da na zagi Gwaggonku. Ya bi su ɗaya ɗaya, har da waɗanda na manta. Ina zaune ina cewa a raina, Allah Ka sa kada ya kawo maganar kogi."

Na ce, "Bai kawo ba?"

"Bai kawo ba. Da ya kawo, da ya nuna kuskure ya yi ke nan, hannuna ya tafi a banza." Sai a lokacin na ga idonsa ya kawo ruwa. "Ni na kawo ta. Na ce, Yaya, in da za a koma bakin kogin ga, wa za ka tura? Ya buɗe ido ya dube ni sosai. Ya kira sunana, sunan da Inna ke kirana da shi. Ya ce, kai."

Ya share ido da bayan hannunsa, ya ce, "Na ce mashi, da na je."

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya zukatan mutane a ranakun tsoro. Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, shi da waɗanda suka kwanta a wancan yaƙi ta kowane ɓangare. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.